Biran hanyar Al-Hada

Tambaya: Jama'a, za mu Ɗa'if daga Makka da yara, ta hanyar dutsen Al-Hada mai birai. Yaya za mu kalli biran nan lafiya?

Amsa 1: Malam, ku zauna cikin mota, gilashi a rufe. Kada ku fito da leda ko abinci. Ƙarar leda kaɗai takan tara su. Masu ba su abinci ne suka lalata su.

Amsa 2: Babban namijin mai furfurar kafaɗa, in ya yi hamma haƙora waje, gargaɗi ne. Kada a zura masa ido, kada a gudu, a ja baya a hankali.

Amsa 3: In ya ciji yaro, wanke da sabulu minti 15, sai asibiti. Motar asibiti: 997.