Musayar Waƙa: Green Bay da Zaɓen Jordan Love

Mai Jiran Gobe:
Salamu alaikum. A ƙwallon Amurka ta NFL, duk shekara ƙungiyoyi kan zaɓi matasa daga jami'o'i bi da bi. A 2020 ƙungiyar Green Bay ta ɗauki kwatabak (ɗan wasan da ke jagorantar hari da jefa ƙwallo) Jordan Love alhali kwatabak ɗinta Aaron Rodgers na kan ganiyarsa. Ni dai na ce daidai ne. Amsa-amonmu "wa".

Ba a fafe gora ran tafiya,
Green Bay ta daɗe da ganewa.
A 2005 kwatabak ɗinta Favre na nan daram,
Ta ɗau Rodgers don ajiyewa.
Shekara uku yana kan benci,
Yana kallo, yana ƙaruwa.
A 2011 ya ɗaga kofi,
Masu suka suka koma yabawa.

Ɗan Yanzu:
Malam, goranka yana rataye,
Matafiyi ƙishi na kashewa.
Gab da zaɓen, saura wasa ɗaya a kai wasan kofi na Super Bowl,
San Francisco ta hana su wucewa.
Mai cafe ƙwallo Rodgers ke nema,
In ban da Adams, wa ke cafewa?
Ga mai cafewa Tee Higgins ba a taɓa ba,
Aka bar wa Bengals ɗaukewa.
Har ƙarin zaɓe suka sadaukar
Don yaron da ba ya bugawa.
Sau biyu a jere Rodgers ne gwarzon NFL,
Wannan babu mai musantawa,
Amma kofin Tampa ta ɗauka,
Rams ta biyo ta da ɗagawa.

Hajiya Mai Lissafi:
Ƙannena, ku dubi kuɗin ma,
Nan ne raina ke sosuwa.
Kwantiragin farko shi ne mai arha,
Shekara huɗu yake ƙarewa.
Uku Love ya ci a zaune,
Arhar ta tafi ba dawowa.
A 2024 dala miliyan 220
Suka sa hannu kan biyawa.

Mai Jiran Gobe:
Hajiya, lissafinki na karɓa,
Amma kwatabak ba ya sayuwa.
Ran da Rodgers ya koma Jets,
Ba su fita neman mai cetowa.
Love ya je har gidan Dallas,
48 da 32, sai jinjinawa.

Ɗan Yanzu:
Dallas ba kofi ba ce, Malam,
Mako ɗaya aka yo su da komawa.
Shekara 15 Rodgers na jan su,
Kofi ɗaya tal muke ƙirgawa.
Da sun ba shi abokin Adams,
Da na biyun muke tunawa.