SS7 a kan IP: me ake cirewa, me ake bari, kuma ina aka dosa?

Ɗalibar_Sadarwa:
Assalamu alaikum, malamai. Ina neman ƙarin haske kan SS7, tsarin da cibiyoyin haɗa kira ke aika wa juna saƙonnin sarrafa kira ta layi na musamman, daban da hanyar murya. Idan cibiya ta bar layukan E1 (layukan dijital da ke haɗa cibiyoyi) ta koma SIGTRAN (ɗaukar saƙonnin SS7 a kan IP), wane sashe ake cirewa, wane ake bari? Wace matsala aka fi cin karo da ita? Sannan tun da 4G da 5G sun zo da nasu tsarin, akwai amfanin mutum ya zauna ya koyi ISUP (sashen SS7 mai haɗa kira da yanke shi) da MAP (sashen da ke kula da layukan wayar hannu da saƙon tes) yanzu?

Tsohon_Injiniya:
Wa alaikumus salam, 'yata. E1 yana da gurabe 32, kowanne 64 kbit/s. Gurbi na 0 na daidaita lokaci ne, na 16 kuwa shi aka saba ba wa sigina. A tsohon tsarin R2, lambobin da aka buga suna tafiya ne a matsayin sauti cikin hanyar muryar kanta. Da SS7 ya fito a littattafan CCITT (hukumar ƙa'idojin sadarwa ta duniya, wadda ta zama ITU-T) na 1980, sai layi ɗaya ya zama yana iya hidimar ɗaruruwan hanyoyin murya, saboda kira guda saƙo biyar kawai yake bukata idan komai ya tafi daidai: IAM (fara kira), ACM (lamba ta cika), ANM (an ɗaga), REL (a yanke), RLC (an yanke).

Abin da SIGTRAN ya taɓa ƙasa ne kawai. MTP1 da MTP2, matakan ƙasa masu ɗaukar saƙo a kan layi, sun tafi, IP da SCTP (mai isar da saƙonnin a kan IP) sun maye gurbinsu. Idan M2PA kika zaɓa cikin tsare-tsaren SIGTRAN, MTP3, mai zaɓar hanyar da saƙo zai bi, yana nan da lambobin tashoshi da rukunin layukansa kamar da. Idan M3UA ne, ISUP da SCCP (mai kai saƙonnin da ba su danganci hanyar murya ba) su ke hawa kansa kai tsaye, MTP3 ya tsaya a ƙofar da ke haɗa tsohuwar hanya da sabuwa. ISUP, SCCP, TCAP da MAP kuwa ko harafi ba a canza musu ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne saurin gano katsewa. Layin MTP2 ba ya yin shiru. Ko babu saƙo yana ta jefa FISU, ɗan saƙon cike gurbi. Idan layi ya lalace, ma'aunin kurakurai yana kaiwa 64 cikin kusan milisakan 128, a cire layin, MTP3 ya kwashe saƙonnin da ba su isa ba ya mayar da su kan ɗan'uwansa. SCTP a saitinsa na asali na RFC 4960 ba haka yake ba: mafi ƙarancin jiran sake aikawa sakan 1 ne, yana ninkawa duk lokacin da bai samu amsa ba, sai an wuce gwaji 5 kafin a yanke cewa hanyar ta mutu. Lissafa 1, 2, 4, 8, 16, 32, ya haura minti guda. Agogon T7 na ISUP, mai jiran ACM, sakan 20 zuwa 30 kawai yake da shi. Kira zai faɗi alhali allon sa ido yana nuna komai lafiya. Saboda haka a sauke jiran zuwa 'yan ɗaruruwan milisakan gwargwadon jinkirin hanyar, a rage yawan gwajin, a matso da bugun duba lafiyar hanya daga sakan 30 na asali. Kada dai a matse shi fiye da kima a kan hanyar tauraron ɗan'adam, don sai ya riƙa sauya hanya babu dalili.

Adireshin IP biyu kuma ba kariya ba ce idan duka ta rauta ɗaya ko igiyar faiba ɗaya suke bi. A duba katangar tsaro ma: SCTP lambarsa 132, ba TCP ba ne ba UDP ba, kuma M3UA yana kan ƙofa 2905.

MaiGwajinLayi:
Ƙari kaɗan a kan bayanin Malam. Idan kira ya haɗu, an ɗaga, amma kowa shiru yake ji, kada ki fara zargin SCTP. Duba CIC, lambar da ke nuna hanyar muryar da kira zai bi. Lamba ce mai bit 12 a tsarin ITU, kuma dole ɓangarorin biyu su yarda wane CIC ne ke kan wane gurbi. Wani ya tsallake 16 a ƙirga, wani bai tsallake ba, sai duk hanyoyin da ke bayan na 15 su goce da ɗaya. Sigina lafiya lau, murya kuwa tana wani ɗakin.

Lambar tasha ma ba iri ɗaya ba ce: bit 14 a ITU, bit 24 a ANSI na Amurka. Kuma muddin akwai sauran layukan E1, kada a ɗora wa kowanne fiye da rabin abin da zai iya ɗauka cikin natsuwa, don ranar da ɗaya ya faɗi ɗayan ne zai sha nauyin duka.

Ɗalibar_Sadarwa:
Na gode, malamai. To batun gaba fa?

Hajiya_Diameter:
Ƙanwata, ki koye shi, amma ki raba amsar biyu, don ISUP da MAP ba rana ɗaya za su tafi ba.

ISUP shi ne mai saurin ja da baya. Haɗin murya tsakanin kamfanoni yana komawa SIP, tsarin haɗa kira a kan IP, sau da yawa ta SIP-I na Q.1912.5, wanda ke ɗauke da saƙon ISUP ɗin a cikin jikin saƙon SIP. Ko can ɗin lambobin dalilin yanke kira na Q.850 suna biyo mu: 16 an ajiye waya, 17 layi na aiki, 34 babu hanya a sake. Wanda bai san su ba ba zai iya karanta rahoton faɗuwar kira ba.

MAP kuwa zai daɗe. Duk inda 2G ko 3G ke aiki, duk matafiyin da layinsa ya hau tsohuwar hanyar sadarwa a wata ƙasa, da kaso mai yawa na saƙon tes, ta kansa suke bi. 4G ya kawo Diameter, inda mahaɗar S6a ke yin aikin da MAP ke yi tsakanin HLR (rumbun bayanan masu layi na kamfanin gida) da cibiyar da ke hidimar wurin. 5G mai cin gashin kansa ya koma HTTP/2 da TLS, da SEPP, na'urar tsaro, a bakin iyakar kowane kamfani. Injiniya na yau yana riƙe da ukun a lokaci guda, da na'urorin fassara a tsakaninsu.

A ganina babban aibin SS7 ba tsufa ba ne, yarda ce. An gina shi lokacin da 'yan manyan kamfanoni kaɗai ke kan hanyar, don haka ba ya tambayar wanda ya aiko saƙo hujjar ko shi wane ne. Tobias Engel ya nuna bin diddigin waya ta wannan hanya a 2008, a 2014 shi da Karsten Nohl suka nuna fiye da haka, sannan a 2017 aka tabbatar a Jamus cewa ɓarayi sun karkatar da saƙonnin tes na banki sun kwashe kuɗin mutane. Diameter ya gaji wannan yardar kusan yadda take. Maganin da ake da shi tacewa ce, bisa matakai uku na takardar GSMA FS.11: saƙon da bai kamata ya shigo daga waje ba sam, irin su ATI mai tambayar inda layi yake, a toshe; wanda kamfanin gida na baƙo kaɗai ke da ikon aikowa, a duba tushensa; irin UpdateLocation mai sanar da sabon wurin layi kuwa a auna shi da inda aka ga mai layin na ƙarshe. A ƙara da bi da saƙon tes ta cibiyar gida, don kada amsar SRI-SM, tambayar inda za a kai tes, ta tona IMSI, lambar shaidar mai layi da ke cikin SIM.

Tsohon_Injiniya:
Na yarda da Hajiya, sai dai a kan SEPP ina da ja. Yana kare N32 ne kawai, wato mahaɗar 5G tsakanin kamfanoni. Muddin layin mutum yana iya sauka kan 2G ko 3G, kuma HLR ɗinsa yana amsa MAP daga waje, mai kai hari ta can zai bi, ba ta ƙofar 5G ba. Kamfanin da ya girka SEPP bai kamata ya kashe katangar SS7 ɗinsa ba sai ranar da ya rufe hulɗar MAP ta ƙarshe da abokan hulɗarsa na waje.