Masu gazaniya a gida, yaya take yi muku a tukunya da a ƙasa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa masu son shuka. Ina da gazaniya, wato wata shukar ado mai fure, a tukwane a baranda. Ganye kam masha Allah, ya yi shar, amma furen ba ya buɗewa sosai, wani ma tun yana toho yake yanƙwanewa. Waɗanda suka daɗe da ita, don Allah ku ba mu labarin yadda take yi muku.

Malam Habu: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, rana tana dukanta kuwa? Asalinta daga kudancin Afirka ne, ƙasa mai yashi da rana tsantsa. Furenta sai rana ta haska yake buɗewa, da yamma ya tsuke, ranar da hadari ya rufe sama kuwa haka zai wuni a rufe. Ina da ita jere biyu. Wadda ke jikin katanga, inda inuwa ke sauka da wuri, ganye kawai take tarawa. Ta tsakiyar fili ita ce ke cika ido da ruwan ɗorawa da ja. Ki nema mata wurin da za ta sha rana aƙalla awa 6 a yini.

Anti Rabi: Gaskiya Malam ya faɗa, amma ni abin da na fi jin tsoro a kanta ruwa ne. Ban taɓa ganin ƙishirwa ta kashe gazaniya ba, amma na ga damina ta ruɓar da ita cikin ɗan lokaci. Saiwarta ba ta son zama a cikin laima ko kaɗan. Tukunya dole ta kasance da huji a ƙasa, kuma ina gauraya ƙasar da yashi mai kaushi da 'yar tsakuwa. Kafin in ba ta ruwa sai na tura yatsa. In akwai sauran danshi, na bar ta. In na tashi ba ta kuma, sai ruwan ya fito ta ƙasan tukunyar, a gindi nake zubawa, ba a kan ganye ba. Farantin da ake sawa ƙarƙashin tukunya ma na daina barinsa da ruwa.

Maman Ilham: Anti, to taki fa? Ina yawan sa mata.

Anti Rabi: Ki rage, 'yar uwa. Taki mai yawa, musamman mai sinadarin naitrojin, ganye yake ƙara mata, fure ya ja baya.

Sadiya: Ni dai ina da ɗan ja a kan maganar jure fari. E tana jurewa, amma wadda ta kafu a ƙasa. Ta ƙaramar tukunya a tsananin zafi ƙasarta na bushewa ƙamas da wuri, tohon ya ƙi girma. Sabuwar dashe ma sai an riƙa ba ta ruwa a kai a kai har ta kama. Tawa da na mayar babbar tukunya ta fi walwala nesa ba kusa ba.

Baba Isiyaku: 'Yata Sadiya, maganarki dutse. Ni a ƙasa nake da ita, kuma ƙasata mai laka ce, mai riƙe ruwa. Sai da na ɗaga kunya na zuba yashi kafin ta zauna. Ina barin tazarar kamar santimita 30 tsakanin tushe da tushe, don ba tsawo take yi ba, bazuwa take yi ta rufe ƙasa. Ku juya ganyenta ku gani, bayansa fari ne mai laushin gashi, yana taimaka mata rage asarar ruwa. In tushe ya tsufa ya cunkushe, ina tono shi in raba da hannu, kowane ɓangare da saiwarsa, in sake dasawa. Ta haka launin da kake so ba ya ɓacewa, saɓanin iri da kan fito da wani launi dabam. Furen da ya bushe kuma a tsinke shi tun daga ƙasan karan, sabon toho zai biyo baya. In an bar shi ya zubar da iri, za ta fito inda ba a gayyace ta ba. A wasu sassan Ostareliya har ciyawa mai ɓarna ake ɗaukarta. Da damina ku riƙa ɗaga ganyen kuna dubawa, dodon koɗi na son ɓuya a ƙarƙashi.