Wai da gaske hasken leza zai iya ba da wutar lantarki irin yadda rana ke yi?

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masana fiziks ku taimaka min, ƙanina da ke karatu a BUK ne yake ta ba ni labari wai a Amurka sun harba leza a kan wani ɗan abu ya ba da makamashi fiye da wanda aka zuba masa, wai irin abin da ke faruwa a cikin rana kenan. To in haka ne me ya hana a gina tashar wuta da shi kowa ya huta da janareto? Ko dai zuzutawa ce kawai ta 'yan jarida?

Malam Habu Kabuga:
Wa alaikumus salam. Ƙanin naka bai yi ƙarya ba, an yi, ranar 5 ga Disamba 2022 a wani wuri da ake kira NIF a ɗakin binciken Lawrence Livermore da ke Kalifoniya. Leza 192 ne ake harbawa lokaci guda cikin wani ɗan gwangwani na zinare, shi kuma gwangwanin in ya ɗau zafi sai ya fitar da eksire (X-ray, irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi), eksiren ya matse wata 'yar ƙwaya da ke tsakiya wadda ba ta wuce ƙwayar masoro ba, a cikinta akwai haidurojin iri biyu, ditiriyam da tiritiyam a daskare. Matsewar da zafin da ya haura digiri miliyan 100 su ke sa su haɗe su zama hiliyam, a nan makamashin ke fita. A ma'aunin makamashi na megajul, hasken da ya shiga 2.05, abin da ya fito 3.15.

Amma ga inda 'yan jarida suka yi tsallake. Kafin lezar ta samar da wannan 2.05 ɗin sai da ta ja wajen megajul 300 daga layin wuta. Ka san yunit ɗaya na mitarka megajul 3.6 ne, to kaga an ƙona yunit tamanin da wani abu an samo abin da bai kai yunit ɗaya cikakke ba. Riba ce a kan ƙwayar, a kan ginin gaba ɗaya kuwa asara ce babba.

Ummu Hanifa:
Malam to ni abin da ban gane ba, in asara ake yi me ya sa suka kashe dala biliyan 3 da rabi a kai? Turawa ba sa zuba kuɗi a banza fa.

Malam Habu Kabuga:
Hajiya tambayarki ita ce ainihin maganar. Ba don wutar gida aka gina shi ba tun asali. Amurka ta daina gwajin bam ɗin nukiliya tun 1992, suna so su san halin da makamansu ke ciki ba tare da sun fasa ba, shi ne suka gina na'urar da za ta samar da irin zafi da matsin da ke cikin bam a ɗan ƙaramin wuri, aka kammala ta a 2009. Faransa ma tana da irinta kusa da birnin Bodo (Bordeaux). Masu binciken taurari su ma suna amfana sosai, don a nan ake gwada yadda ƙarfe da haidurojin ke zama a tsakiyar manyan duniyoyi irin su Jufita, inda ba wanda zai iya zuwa ya auna.

Injiniya Sabo:
Ni fa ban yarda a raina abin ba Malam. Shekara kusan sittin ana nema ba a samu ba, yanzu an samu kuma an maimaita, a Yulin 2023 sun samu 3.88, daga baya ma sun wuce haka. Kuma lezar NIF tsohuwar fasaha ce ta fitilu masu cin wuta kamar me, na zamani masu aiki da dayod, wato irin fasahar fitilun LED, sun fi ta tsimi nesa ba kusa ba. Matsalar da na fi gani ita ce sauri, yanzu in an harba sai an jira awanni gilasan su huce, tashar wuta kuwa tana buƙatar harbi kamar goma a kowane sakan, kowanne da sabuwar ƙwaya mai santsi ba ko ɗigon tabo, ga tiritiyam da ba a haƙo shi sai dai a samar da shi, misali daga litiyam. Aiki ne ja, amma aikin injiniyoyi ne yanzu, kuma wallahi ina so in ga yaranmu a ciki, ba kullum mu zama masu sayen abin da wasu suka ƙera ba.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Maganar yunit ɗin nan ce ta warware min komai. Injiniya, yaron yana aji biyu a fiziks kuma abin ya shiga ransa sosai, wane ɓangare za ka ce ya fi maida hankali a kai?

Injiniya Sabo:
Ya riƙe lissafi da kyau, sai darasin haske da na filasma (wato iskar gas mai tsananin zafi irin ta cikin rana), ya kuma koyi yaren kwamfuta na Python don yawancin aikin a kwamfuta ake fara kwaikwayonsa. In ya samu dama ya nemi yin IT a cibiyar binciken makamashi ta ABU Zariya, suna da ƙaramin riyakta, wato injin nukiliya, tun 2004, na fasa zarra ne ba na haɗawa ba amma zai ga yadda ake auna nutiron, wato ƙwayoyin da ke fita daga zarra, da idonsa.