Sitensil a gida: fenti na malala ta ƙasa, cikin haruffa na zubewa

Ɗan Koyo:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sana'ar buga zane. So nake in riƙa buga rubutu da 'yan zane-zane a jikin rigunan auduga da jakunkunan yadi a gida, guda 20 zuwa 30 da sitensil ɗaya, wato fallen da aka yanke zane a jikinsa don fenti ya bi ta ramin. Abubuwa uku ne suka tsaya mini. Fenti na bi ta ƙarƙashin sitensil, bakin rubutu ya fito a jagwalgwale. In na yanke harafi irin O ko D, cikinsa sai ya faɗo, a bar ni da rami kawai. Sannan kwalin da nake yin sitensil ɗin da shi yana jiƙewa ya lanƙwashe tun kafin riga ta biyar. Fentin akirilik nake amfani da shi, da burushi. Me zan canza? Kuma yaya ake yi kada zanen ya fita a wanki?

Mai Zanen Allo:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwali dai ba shi da magani sai canji. Akirilik da ruwa aka haɗa shi, kwali kuma yana shan ruwa: bakin yankan ya kumbura, ya ɗago daga jikin yadi, fenti ya sami hanya. Ka ga ashe matsalarka ta uku ita ke ciyar da ta farko.

Fallen roba za ka nema. Wadda aka fi sani ita ce Mylar, mai kaurin maikiron 190 zuwa 250, wato kwatan milimita ko ƙasa da haka kaɗan. Mai 125 tana da daɗin yanka, amma siraran wurarenta na naɗewa. Wadda ta haura 300 za ta gajiyar da yatsunka, kuma fenti na taruwa a bakinta ya bar tudu a gefen rubutu. In ba ka sami Mylar ba, robar nan mai haske da ake yi wa takardu bango tana aiki, sai dai ta fi saurin tsagewa a kusurwa. Tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti ya fi ta ƙarko. Ka jiƙa shi a ruwan bilic, baƙin ya saki, ka goge, ya rage roba shuɗiya mai haske. Ka sa safar hannu, a wuri mai iska, kuma kada ka haɗa bilic da wani sinadari.

Wajen yanka, wuƙar zane mai tsini ake so, reza lamba 11. Ka liƙa zanen a ƙarƙashin robar da tef ta gefe huɗu, ka ɗora a kan tabarmar yanka ko gilashi. Gilashi na ba da yanka mai santsi, amma yana cin kaifin reza da wuri. Fara da ƙananan wurare na tsakiya, manya su zo daga baya, don in ka fara cire manya, fallen ya yi rauni, yana motsi kana yanka. A kan lanƙwasa, fallen ake juyawa, hannu na nan a inda yake. A kusurwa kuma kowane layi daga kusurwar zai tashi ya yi waje. In ka nufo ta daga nesa za ka zarce, wannan ɗan zarcewar kuwa nan fenti zai shiga, nan kuma yagewa za ta fara. Bi biyu a hankali ya fi dannawa ɗaya da ƙarfi. Da ka ji reza ta fara jan robar maimakon ta ratsa ta, canza ta. Ɗaya hannun kada ya zauna a hanyar wuƙa.

Maganar cikin haruffa, gada ce ba ka bari ba. Duk wurin da layi ya kewaye shi tsibiri ne, dole a bar ɗan zirin roba da zai haɗa shi da sauran fallen. A manyan haruffa su ne A, B, Ɓ, D, Ɗ, O, R. A ƙanana a, b, ɓ, d, ɗ, e, g, o. A lambobi 0, 4, 6, 8, 9. Ka zana gadojin da alƙalamin maka tun kafin ka ɗauki wuƙa, don in an fara yanka mantawa ake yi. Faɗin gada kada ya gaza milimita 2. In tsayin harafi ya kai santimita 5, a ba ta milimita 3 zuwa 4. O yana son biyu, sama da ƙasa, B da 8 kowane ciki da nasa. Gada ɗaya tak tana barin tsibiri yana lilo, soso ya ture shi gefe. A kula da ƙugiyar Ƙ da Ɗ: tsinin robar da ke shiga cikin ƙugiyar ba tsibiri ba ne, amma siriri ne, shi ke fara ɗagowa. Ka ɗan buɗe ƙugiyar a zane, ko ka zaɓi rubutu mai kauri tun farko.

Hajiya Mai Yadi:

Duk abin da Malam ya faɗa haka yake. Sai dai ko ka sami robar da ta fi kowacce, in hannunka bai canza ba, malalar na nan. A nan gizo ke saƙa: fenti ne ya yi yawa a burushi, kuma shafawa kake yi gefe zuwa gefe kamar mai fentin bango. Shafawa tura fenti take yi ƙarƙashin bakin sitensil.

Ga yadda ake yi. Zuba fenti kaɗan a faranti, kamar rabin ƙaramin cokali. Dangwala bakin burushi ko soso, sannan ka daddanna shi a kan tsohuwar takarda har sai ka ga ya daina barin danshi, yana barin ɗige-ɗige kamar ya bushe. Nan ne ya yi daidai, duk da ido zai ce maka ya yi kaɗan. Sai ka riƙe shi a tsaye cak, ka riƙa dangwalawa sama da ƙasa, kana farowa daga kan robar kana shigowa cikin ramin. Bi na farko zai fito a koɗe, kada ka damu. A bar shi minti biyu ko uku, a sake, sau biyu ko uku. Burushin kuwa mai gajeren gashi mai tauri ake so, mai baki a shafe. In na gama-gari ne a hannunka, naɗe gashin da tef ka bar santimita 1 kawai a waje. Soso mai ƙananan ƙofofi ya fi mai manya.

Kada ka tsinka fentin da ruwa, ko da ya yi maka kauri. Ruwa ke bin zaren auduga ya yi nashe-nashe. Akirilik zalla kuma yana bushewa da tauri a yadi, ya tsattsage bayan wanki. Ko dai ka sayi fentin yadi, ko ka haɗa akirilik ɗin da sinadarin da ke sa shi laushi, wanda ake kira midiyom na yadi. Galibi kashi 2 na fenti ne da kashi 1 na midiyom, wasu kamfanonin kuma rabi da rabi, don haka duba jikin kwalbar.

Yadin ma yana da nasa shiri. Sabon yadi na zuwa da sitaci daga masaƙa, fenti a kansa yake zama, wankin farko su tafi tare. A wanke, a shanya, a goge. A zura kwali mai santsi a cikin rigar don kada fenti ya ratsa zuwa baya, a shimfiɗa ta sumul amma kada a ja ta. In ka buga a kan yadin da aka miƙe, da ya koma yadda yake zanen zai tsuke ya karkace. Bayan sitensil ɗin a fesa masa gam ɗin feshi mai ɓaruwa, daga nisan santimita 25 zuwa 30, a jira kamar minti ɗaya ya yi danƙo, sannan a manna a danne bakin kowane harafi da yatsa. Gama bugu ke nan ka ɗaga shi, daga kusurwa ɗaya, a miƙe. In ka bari ya bushe sarai, zai ɓaro bakin zanen.

Don wanki: a bar shi awa 24 ya bushe, a rufe da siririn ƙyalle, a goge da dutsen guga a zafin auduga, ba tururi, minti 3 zuwa 5, ana yawo da dutsen. Yadi mai haɗin roba a rage masa zafi a ƙara lokaci. A ba shi kwana uku kafin wankin farko, a juya rigar ciki waje, da ruwan sanyi.

Ɗan Koyo:

Allah ya saka da alheri Malam da Hajiya. Na gane inda nake kuskure. Saura biyu: in launi biyu nake so fa? Sannan fentin feshi na gwangwani ba zai fi sauri ba?

Baban Firam:

Fentin gwangwani na katako ne da ƙarfe da bango. A yadi yana sandarewa, kuma iskar feshin da kanta tana kutsawa ƙarƙashin roba. Bar shi.

Launi biyu, falle biyu ne masu girma ɗaya, dukansu a kwafe su daga zane guda. A kowanne ka huda 'yar alama mai kusurwa uku a wurare biyu, sama ta hagu da ƙasa ta dama, can wajen zanen, kuma su faɗa wuri ɗaya daidai in an ɗora fallayen a kan juna. A jikin rigar ka liƙa guntun tef ɗin takarda a ƙarƙashin ramukan, ka yi alama da fensir. Falle na biyu sai ka daidaita ramukansa da alamun. Launi mai haske shi ne farko, ya bushe, mai duhu ya biyo baya ya hau kansa da kamar milimita 1, don kada farin layi ya fito a tsakani. Kada a cire kwalin daga cikin rigar sai an gama duka biyun. In rigar baƙa ce, sai ka fara da fari a ƙasa, in ba haka ba ja da shuɗi nutsewa za su yi.

Amma ni a ganina, riga 30 da dangwale wahala ce. Firam na katako da aka ɗaure wa ragar buga zane mai lamba 43T, wato zare 43 a kowace santimita, ya fi. Ka yanke zanen a siririyar takarda, ka shimfiɗa a kan rigar har da tsibiran a mazauninsu, ka saukar da ragar, ka ja fenti a kan ragar da robar jan fenti a karkace wajen digiri 45. Jan farko zai manne takardar a ƙasan ragar, tsibiran ma haka, ka ga ba ka bukatar gada ko ɗaya. Sharaɗi biyu: tawadar bugun raga za ka sa, don akirilik zalla yana bushewa ya toshe idon ragar cikin mintoci, kuma kada ka tsaya sai ka gama, don takardar ba ta wuce aikin zama ɗaya. In da sitika ka yi maimakon takarda, kuma a ƙasan ragar za ka liƙa, to a juye za ka yanke rubutun kamar a madubi.

Hajiya Mai Yadi:

Raga ta fi sauri, ba musu, amma a bar shi ya iya dangwalen tukuna. Wani abu da na tsallake: bayan kowane bugu uku ko huɗu, kifa sitensil ɗin a kan takarda ka goge bayansa da ɗanyen tsumma, ka bari ya bushe, don fentin da ya maƙale a can shi ke ɓata riga ta gaba. In an tashi, a kwantar da shi a faranti mai faɗi da ruwan ɗumi da sabulu. Ruwan zafi lanƙwasa robar yake yi. A cuɗa da soso ana bin tsawon gada, ba a ƙetare ta ba. Fentin da ya riga ya bushe, sifirit ke sakin sa. Gadar da ta tsinke kuma, a liƙa salatif gaba da baya a wurin, a sake yanke bakin da sabuwar reza.