Rabe: "jarumi" za a rubuta a jimlar farko ko "mai farautar bayi"?

Ɗalibi daga Kuseri ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga aikin gyaran Wikipedia, kundin ilimi na intanet, domin wata gardama ta tsaya mini a wuya kusan mako uku ke nan. Ni haifaffen Kuseri ne, a arewacin Kamaru, kuma duk wanda ya tashi a nan ya san cewa a bakin garinmu aka kashe Rabe ranar 22 ga Afrilu, 1900, a yaƙin da shi ma kwamandan Faransawa, Lamy, ya rasa ransa. Ran nan ina zaune a shagon mahaifina kusa da gadar Ngeli, inda waya takan rikice ta kama layin Chadi, na buɗe shafin tarihin Rabe na tarar an fara shi da cewa shi "mai farautar bayi ne da ya wargaza daular Borno". Abin ya sosa mini rai, na goge na rubuta "jarumin Afirka da ya yi shahada yana yaƙar 'yan mulkin mallaka".

Kafin shayin da ke gabana ya huce, wani edita ya mayar da jimlar yadda take. Na sake gyarawa, ya sake mayarwa, ya kuma bar mini saƙo cewa kakanninsa mutanen Kukawa ne, tsohon babban birnin Borno da Rabe ya rusa, kuma ba daga littafi ya fara jin sunan Rabe ba. Can sai wani na uku ya shigo da niyyar sulhu ya sa "shugaban mayaƙa ɗan ƙasar Sudan", wannan kuma ya buɗe wata sabuwar rigima a kan ko mutumin da aka haifa kafin a shata iyakokin yau zai iya zama ɗan wata ƙasa ta yau. Tambayata ita ce, wace siffa ce ta cancanci jimlar farko, kuma wa ke da hurumin yanke hukunci idan an kasa jituwa?

Tsohon malamin tarihi, Marwa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: kai da abokin gardamarka kuskure ɗaya kuka yi, kowannenku ya ɗauki hukuncin zuciyarsa ya aza a wurin da ya kamata a sa labari. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bari mu jera abin da babu jayayya a kansa. Rabe ya taso a yankin Khartum, ya yi aikin soja a ƙarƙashin Zubairu, babban ɗan kasuwar bayi na Bahar al-Gazal, kuma bayan an murƙushe rundunar ɗan Zubairu a 1879 ya ja mutanensa ya yi yamma. Ya afka wa Bagirmi, ya ci Borno a 1893, ya rusa Kukawa, ya kafa fadarsa a Dikwa, ya yi mulki wajen shekara bakwai da haraji da sojoji masu bindiga da tutoci. Ya karkashe tawagar Bafaranshe Bretonnet a Togbawo a 1899, sannan rundunonin Faransa uku suka haɗu a kansa a garinku, suka sare kansa suka nuna wa jama'a. Mu nan ƙasar Marwa ma muna da namu kason, domin Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Balda, ya haɗa kai da Rabe har ya auri 'yarsa, kuma a hannun ɗan Rabe, Fadlallah, ya gamu da ajalinsa. To ka ga mutum guda ne ya yi duk wannan, kuma idan ka ce "jarumi" ka binne Kukawa, idan ka ce "mai farautar bayi" ka tsaya nan ka binne Togbawo da Kuseri.

Abin da Wikipedia ta shimfiɗa a kan irin wannan shi ne, kundin ba ya yabo ko zagi da bakinsa, sai dai ya ce masana kaza suna kallonsa haka, wasu kuma haka, a kawo madogara, kowane ra'ayi a ba shi fili gwargwadon nauyinsa a rubuce-rubucen masana. Da ni ne, zan fara da cewa shi jagoran yaƙi ne daga ƙasar Nilu wanda ya ci Borno a 1893 ya mulke ta daga Dikwa har Faransawa suka kashe shi a 1900, sannan jimla ta biyu ta ambaci bayi ba tare da kwana-kwana ba. Kuma ka daina mayar da gyara. A Wikipedia ta Turanci wanda ya mayar da gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya toshe shi, ko da shi ke da gaskiya. Shafin tattaunawa shi ne zauren shari'arku, kuma ba ƙidayar hannuwa ake yi a can ba, ƙarfin hujja ake dubawa.

Wata edita daga Njamena:

Baba malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina da ƙari, domin na sha ganin ana fakewa da rashin ɗaukar ɓangare ana wanke abin da bai wanku ba. Mu a nan gardamarmu a kan Hissène Habré take. Akwai masu so a rubuta "ɗan siyasa da ya shugabanci Chadi daga 1982 zuwa 1990" a sa aya, wai duk abin da ya wuce haka son rai ne. Alhali kuwa kotu ta musamman a Dakar ta same shi da laifin cin zarafin bil'adama ranar 30 ga Mayu, 2016, ta ɗaure shi rai da rai, an tabbatar da hukuncin a 2017, kuma yana cikin wa'adin ya rasu a 2021. Wannan ba ra'ayin kowa ba ne, abu ne da ya faru, kuma ɓoye shi daga sakin layi na farko shi ma ɗaukar ɓangare ne. Saboda haka, ƙanena, idan majiyoyi masu inganci sun haɗu a kan cewa Rabe ya kama bayi ya sayar, kalmar ba zagi ba ce, kuma ba za ka iya hana ta shiga ba. Kalmarka ta "shahada" ita ce ba ta da wurin zama, domin hukunci ne na addini da babu wani edita da ke da ikon yanke shi. Ina rubuto maka ne daga garin da ya amsa sunan Lamy har 1973, don haka na san zafin da kake ji.

Mai karatu daga Garwa:

Ni inda gizo ke saƙa a wurina shi ne kalmar nan "majiya mai inganci". Labarin yaƙin Kuseri da ya fi yaɗuwa a rubuce, hafsoshin da suka sare kan mutumin ne suka rubuta shi, kuma suna da buƙatar su nuna cewa ceto suka zo yi. Abin da tsofaffin Kotoko da Larabawan Shuwa suka riƙe a ka kuwa, kundin ba ya karɓarsa sai wani masani ya fara bugawa. Ƙa'idar tana da dalili, domin in ba haka ba kowa zai zo da kakarsa a matsayin hujja, amma ya kamata ɗalibinmu ya nemi rubutun masana tarihi 'yan Borno a kan shekarun Rabe, kada ya tsaya ga na Faransanci kaɗai. Sai dai ina yi masa gargaɗi cewa ba lallai ne abin da zai samu a can ya yi masa daɗi ba.

Batun "ɗan ƙasar Sudan" kuwa, irinsa muke fama da shi a kan Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, wanda aka haifa a nan Garwa a 1924. Wasu na so a fara da "Bafulatani", wasu "uban ƙasa", wasu "mai mulkin jam'iyya ɗaya". Shi dai ƙasarsa a fili take. Rabe ba shi da irin wannan, don haka faɗin inda aka haife shi ya wadatar.

Ɗalibi daga Kuseri ya sake rubutawa:

Na gode, Baba malam, na gode Yaya, da kai malam na Garwa. Na kai jimlar da aka ba ni shafin tattaunawa, na kuma janye "shahada" da kaina. Abokin gardamata ya amince da komai sai abu ɗaya: yana so bayin su shiga jimlar farko, ba ta biyu ba, kuma ya kawo littattafai biyu da lambar shafi. Ni ban kawo ko ɗaya ba tukuna. Idan akwai wanda ke da hanyar ɗakin karatu a Marwa ko Ngaundere, ina roƙon ya taimaka mini da hoton shafukan da suka yi magana a kan mulkinsa a Dikwa.