Yaya ake cin Vegemite ba tare da gishiri ya kashe harshe ba?

Ummu Sadik:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya san kan wannan baƙin abin shafa burodi na mutanen Ostireliya, wato Vegemite. In aka shafa shi a burodi yadda ake shafa jam, gishiri da ɗaci kawai ke tasowa, sam ba ya ciwuwa. To su da suke cinsa kullum da safe har su ba yara, yaya suke yi? Nawa ake sawa a yanka ɗaya, kuma da me ake haɗa shi? Ana girki da shi ko na burodi ne kaɗai? Sannan na ji an ce da yis ɗin giya ake yinsa, ina son ƙarin bayani a kan haka.

Abban Halil:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Matsalar duk daga yawan ne. Vegemite ba dangin jam ba ne, abin ƙara ɗanɗano ne mai ƙarfi, don haka da bakin wuƙa ake ɗibarsa, ba a cika cokali. Ma'aunin ci ɗaya da ke jikin kwalbar giram 5 ne, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ga wanda bai saba ba ma wannan ya yi yawa: kwatan cokalin shayi ya ishi yankan burodi guda, in baki ya saba a kai rabi.

Ki gasa burodin har ya yi ja ya yi ƙaras. Da fitowarsa, tun yana turiri, ki shafa bota mai yawa, kamar cokalin shayi biyu, har gefe-gefe. Ki bar shi ya narke ya shige ciki. Sai ki lakato Vegemite da bakin wuƙa, ki ɗiɗɗiga shi wuri huɗu ko biyar, sannan ki kwantar da wuƙar ki ja shi yana cakuɗuwa da botan. Alamar an yi daidai ita ce ki riƙa hango launin bota da na burodi ta ƙarƙashi, zane-zane ruwan ƙasa. In fuskar burodin ta yi baƙi ƙirin, an zarce, ki kankare.

Botan ba ado ba ne. Maiƙonsa ne ke tsinka Vegemite ya baje, shi ne kuma ke rage kaifin gishirin a harshe. Shi ya sa in burodin ya huce kafin a shafa, komai ke lalacewa: bota ba ya narkewa, Vegemite ya ƙi jawuwa ya yaga burodin, ya taru guda-guda, sai ki gutsuri wani gefe ki ji salam, wani gefen ki ci karo da dunƙulen gishiri. Ki fara da bota marar gishiri, tunda mai gishirin ƙari ne a kan ƙari.

Hajiya Mairo:

Malam ya gama magana a kan burodi da bota. Bari in ƙara da abokan tafiyarsa, ƙanwata. Duk abu mai maiƙo ko mai laushin ɗanɗano yana karɓarsa.

Cuku ne na farko, musamman cheddar. A shafa bota da Vegemite, a jera siraran yankan cuku a sama ana barin tazara tsakaninsu, a sa ƙarƙashin wutar sama ta oba minti biyu zuwa uku har ya narke. A Ostireliya wannan zane-zanen ne ya sa ake kiransa burodin damisa, kuma yara na sonsa. Kada a matsa shi kusa da wuta sosai, don inda cuku bai rufe ba yana saurin ƙonewa, ƙonannen Vegemite kuwa ɗaci ne zalla.

Fiya ita ce ta biyu, kuma a ganina ita ta fi dacewa da mai koyo. Vegemite a ƙasa, rabin fiya da aka dama da cokali mai yatsu a sama, a ɗiga lemun tsami, a barbaɗa masoro. Kar a ƙara gishiri ko kaɗan. A nan ana iya barin bota, fiyar ta tsaya a madadinsa.

Sai ƙwai. A dafa shi minti biyar zuwa shida a tafasasshen ruwa yadda gwaiduwar za ta rage ruwa-ruwa, a yayyanka burodin da aka shafa tsaye-tsaye kamar faɗin yatsa, a riƙa tsomawa.

Na abincin makarantar yara kuwa, burodi ne marar gashi da bota mai laushi da Vegemite da cuku, wasu su sa latas. In za a sa tumatir, a tsame ruwansa kuma a sa shi tsakanin cuku da latas, in ba haka ba kafin azahar burodin ya jiƙe. Akwai kuma biskit marar zaƙi mai ƙananan huji irin Vita-Weat: a shafa, a haɗa biyu a matse, abin ya ɓullo ta hujin sirara-sirara.

Malam Sani Mai Karatu:

Game da tambayarki ta ƙarshe, Ummu Sadik, gaskiya ne. Ragowar yis da ke fitowa daga masana'antar giya shi ne tushensa. Wani masanin sinadarai, Cyril Callister, ya haɗa shi a Melbon wa kamfanin Fred Walker, aka fara sayarwa a 1923, kuma tun 2017 yana hannun kamfanin Bega na Ostireliya. Ana sarrafa yis ɗin har ƙwayoyinsa su farfashe, a tace ruwan, a ƙafe shi da zafi ya yi kauri, a haɗa da gishiri da tsattsagen sha'ir da na kayan lambu. Abin da ke cikin kwalbar ba ya ɗauke da barasa, kuma yana da shaidar halal daga masu tantancewa a Ostireliya. Babu nama ko madara a cikin na asali. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba saboda tushen, ya tuntuɓi malaminsa.

Ta fuskar lafiya, yana da bitamin B1 da B2 da B3 da folet sosai. Na asali ba shi da B12. Mai ragin gishiri ne aka ƙara wa B6 da B12. Giram 5 na ɗauke da sodiyam wajen miligiram 165, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi kada ya kai miligiram 2,000 a yini. Shafa ɗaya ba komai, amma mai hawan jini ya lissafa har da gishirin burodi da bota da cuku, don su ma ba kaɗan ba ne. Mutum uku su yi hattara: wanda alkama da sha'ir ke cutarwa ya nemi samfurin da ba giluten, mai ciwon gaɓoɓi na gawut ya rage, don yis na ƙara sinadarin da ke tayar da shi, mai shan tsofaffin magungunan damuwa na rukunin MAOI kuwa ya guje shi sai da izinin likita, saboda yana iya harba jininsa sama.

Inna Kulu:

Ana girki da shi mana, 'yata, kuma nan ne kwalba ke ƙarewa ga wanda bai so shi a burodi ba. Yana da wannan ɗanɗanon nama-nama saboda wani sinadari mai suna gulutamet da ke cikin yis. A miyar nama ko romon gashi na mutum huɗu, cokalin shayi ɗaya zuwa biyu ya isa. Ki ɗebi romo mai zafi a ludayi ki dama shi a ciki ya narke, sannan ki juye. In kika jefa shi gudansa, ƙasan tukunya zai sauka ya kama. Kar ki sa gishiri sai kin ɗanɗana bayan ya shiga.

Taliya: giram 200, bota giram 30, Vegemite cokalin shayi ɗaya. Ki rage gishirin ruwan dafuwa, ki ajiye rabin kofi na ruwan kafin ki tace. Ki narkar da bota a wuta kaɗan, ki zuba Vegemite da ludayin ruwan nan ki juya har su haɗe, ki zuba taliyar, ki goga cuku a kai. In ba ruwan taliyar, mai zai ware gefe, Vegemite ya dunƙule gefe.

Sai naɗaɗɗen burodin nan na cuku da ake sayarwa a gidajen burodinsu. Fulawa mai haɗe da hodar tashi kofi biyu, giram 300. Ki murza bota mai sanyi giram 50 a ciki, ki zuba madara kashi uku cikin huɗu na kofi, ki haɗa ba tare da yawan murzawa ba, don yawan murza na sa shi tauri. Ki baza shi kauri kamar rabin santimita. Vegemite babban cokali ɗaya da rabi, a ɗumama shi da ɗan bota ya yi laushi, in ba haka ba zai yaga ƙullun. Ki shafa, ki watsa gogaggen cuku kofi ɗaya, ki naɗe, ki yanka goma, ki jera su suna taɓa juna, ki ƙara wani rabin kofin cuku a sama. Oba a digiri 200, minti 15 zuwa 20. Ki lura, babban cokali a girke-girken Ostireliya mililita 20 ne, ba 15 ba.

Ummu Sadik:

Allah Ya saka da alheri, na gamsu. Saura biyu: a firji ake ajiye shi? Kuma in Marmite aka samu, wato makamancinsa na Ingila, ɗaya ne?

Abban Halil:

Ba ya buƙatar firji, gishirinsa ke tsare shi, sanyi ma ƙara masa tauri yake. Ki rufe shi da kyau a kabad. Abin da ke ɓata shi shi ne wuƙa mai bota da ɓurɓushin burodi, su ne ke yin fumfuna, don haka ki goge wuƙar ko ki ware masa tasa. Marmite na Ingila ya fi shi ruwa da danƙo da ɗan zaƙi, yana jawuwa da sauƙi, shi ya sa ake saurin zarcewa da shi. A girki ɗaya na maye gurbin ɗaya da ma'auni guda, amma ki fara da rabi ki ɗanɗana.